Wa Take Ɗauka? Tunawa da Kawuna Mai Gyaran Ƙafar Mota

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa za mu koma. Wannan karon Kawuna aka kira, wan mahaifiyata, ya kuwa amsa da hantsin wata Talata. Bayan azahar muka kai shi makwancinsa, muka dawo muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu na gado da ke Shahuci. Ban taɓa sanin lungun nan zai iya cin mutane haka ba. Direbobi, 'yan kasuwa, malaman makaranta, har da makanikai 'yan'uwansa da suka rufe gareji suka zo da baƙin mai a farcensu.

Abin da na lura da shi a kwana ukun nan, duk wanda ya buɗe baki zai yabi Kawu, da faɗan da ya taɓa yi masa yake farawa. Wani tsohon direba ya ce, "Ni fa korata ya yi. Na kai masa mota babu kaya, ya ce in koma in loda buhunan da na saba ɗauka sannan in dawo." Wani malamin makaranta ya karɓe, "Kai naka da sauƙi. Ni sai da na kwaso mai ɗakina da yara huɗu, suna zaune a ciki suna cin gyaɗa, sannan ya yarda ya ɗauki sifana." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi a zaman makoki ana satar kallon liman. Can kuma sai ka ga mutum ya kai hannun riga ido.

Dattawa uku ne suka fi ba ni tausayi: Alhaji mahauci, da Malam tela, da ladanin masallacinmu. Su ne abokan hirarsa tun ina zanen goyo. Mahauci, mutumin da in ya zauna a ƙarshen benci sai na ɗaya ƙarshen ya dafa bango, ya wuni yana jan carbi. Sai dab da la'asar ya yi magana, ba kuma da kowa yake ba. "Shekara talatin ina shiga motocin mutane, ban taɓa wuce bakin lungun nan ba. Yanzu kuma wa zai kira ni?" Baƙi ba su gane ba. Mu 'yan unguwa kuwa kowa ya sunkuyar da kai.

Ni ina can gefe, mutane suna ta miƙo mini hannu suna cewa, "Sai haƙuri, ai kai ne ɗan gaban goshinsa." Ina amsawa da amin. Wata takwas kafin rasuwarsa na gaya wa Kawu wata magana a gaban abokansa, maganar da ɗa ba ya gaya wa wanda ya rene shi. Na nemi gafararsa sau ɗaya tak, a makare, bai kuma ce mini ya yafe ba. Da wannan na zauna a tabarmar makoki, kuma saboda shi nake wannan rubutu.

Kawu makanike ne, amma ba ya taɓa inji. In ka kawo masa mota tana hayaƙi, da haɓa zai nuna maka hanya. "Ni daga gwiwa zuwa ƙasa nake," in ji shi. Ƙafar mota ce sana'arsa: sifirin, da ƙarafan da suke riƙe taya, da duk abin da yake sa mota ta tsaya daidai a kan ƙafafunta huɗu. Garejin nasa ba wani gareji ba ne. Fili ne a bakin lungunmu, ƙarƙashin darbejiya, sai akwatin ƙarfe mai kwaɗo, da jak biyu, da kwalin da yake kwanciya a kai. Gajere ne, mai faɗin tafin hannu, kuma ba ya cire hularsa ko a ƙarƙashin mota. Na sha ganin ya fito da rigarsa baƙi ƙirin, hular kuwa fes, ban taɓa gane yadda yake yi ba.

Ba ya tambayar me ke damun mota. Tambayarsa ɗaya ce, kuma duk Shahuci an haddace ta: "Wa take ɗauka?" Mai mota ya fara zuba, wai tana ƙara a hagu, wai tana cin taya, Kawu ya bar shi ya gama sannan ya sake cewa, "Na ji. Wa take ɗauka?" A wurinsa motar da ba kowa a ciki maƙaryaciya ce. Yakan ce, "Ga ta nan tsaye ƙerere kamar ba ta da laifi. Zuba mata mutanenta ka ji gaskiya." Shi ya sa bai taɓa auna mota ba sai da nauyin da ta saba ɗauka.

Ma'aunin nasa yumɓu ne. Wata tsohuwa mai ginin tukwane ce take aiko masa, yana ajiye shi a gwangwanin madara, a nannaɗe da jiƙaƙƙen tsumma. Sai ya mulmula curi kamar na fura, ya manna a ƙarƙashin leɓen bodin da ya rufe taya, ya manna wani a kan ƙarfen da yake zargi. Daga nan mutane su shiga, mai mota ya ja, shi kuma ya zauna a gaba ya karkata kunne. A bakin lungunmu akwai wani tudun siminti da 'yan unguwa suka zuba don ya rufe bututun ruwa. Kawu ya raɗa masa suna Alƙali, wai ba motar da take wuce shi ba ta faɗi gaskiya ba. In an haura Alƙali an dawo, sai ya ɓamɓaro yumɓun ya duba. Kaurin da ya rage shi ne sararin da ke tsakanin taya da bodi a lokacin da mota ta durƙusa. In ya kai yatsa biyu, ya sallame ka. In bai kai ba, ko za ka yi kuka ba za ka tafi da motar nan ba.

To ba kowa ne zai iya kwaso iyalinsa ba, nan ne dattawan nan uku suke shigowa. Suna zaune a tabarmarsu ta gefen masallaci, sai Kawu ya ɗaga murya, "Ku zo ku yi aiki." Ya san nauyin kowa a cikinsu. Mahauci mutum biyu ne, tela mutum ɗaya, ladan kuwa ɗan firamare. In mai mota ya ce surukarsa yake kaiwa unguwa, Kawu ya tambayi yanayin jikinta cikin ladabi, sannan ya juya ya ce, "Alhaji, bisimilla." Ladan kullum sai ya yi mita, "Ni da furfurata, a wurinka ban wuce yaro ba." Kawu ya ce, "Malam, ka ci abinci in ƙara maka aji." Haka za su shiga da manyan rigunansu, a kai su taku ashirin a dawo da su, su sauka suna gyara hula kamar waɗanda suka dawo daga Zariya.

Akwai shekarar da wani maƙwabcinmu ya sayi mota mai ƙasa-ƙasa, ya ɗauko masu diga za su fasa Alƙali. Kawu bai yi musu da kowa ba. Kujerarsa ya ɗauko ya dasa a kan tudun, ya zauna yana jan carbi. Maƙwabcin ya yi faɗa har muryarsa ta dushe, Kawu ya ce masa, "Alhaji, ƙarƙashin nan ruwan fiye da gida goma ne. Motarka za a gyara, ba hanya ba. Kawo ta." Kwana biyu ba sa gaisawa, a na uku aka ga mahauci zaune a kujerar bayan motar maƙwabcin.

Yana da wata al'ada kuma. Duk ƙarfen da ya duba ya yarda da shi, sai ya ɗiga masa farin fenti sau uku da tsinken ashana. Ba ya rubuta komai a littafi, ɗigon nan shi ne shaidarsa. In mota ta dawo bayan shekara biyar, ya leƙa ya ga ɗigo uku, sai ya ce, "Wannan mun san juna."

Bai iya ɓata sunan abokin sana'a ba. An taɓa kawo masa motar da wani makanike na Ƙofar Ruwa ya ɗaura wa ƙafa a karkace, mai motar yana ta zagin mutumin. Kawu ya ce, "Ai aikin ya yi kyau, ƙarasawa ce bai yi ba." Ya gyara ya sallame shi. Da yamma ya hau babur ɗinsa har Ƙofar Ruwa, da curin yumɓu a aljihu, ya nuna wa makaniken yadda ake yi, ba tare da kowa ya ji ba. Ni ma ban san wannan ba sai bayan rasuwarsa, daga bakin shi makaniken.

A gida kuwa, mahaifiyata ce rauninsa. Shi ya rene ta bayan rasuwar iyayensu, shi ya aurar da ita, da mahaifina ya rasu kuma shi ya je ya ɗauko mu ya dawo da mu gidan gado. Har ta yi jikoki bai daina kiranta Auta ba, ita kuma Yaya. Kowace safiya kafin ya fita sai ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya ce, "Auta, kin tashi?" Ba ya jiran amsa mai tsawo, muryarta kawai yake son ji. Ranar da na sayi motata ta farko, 'yar Kwatano, wuni ya yi a ƙarƙashinta. Ya ɗiga wa sifirin ɗin nan huɗu fentinsa, ya sa Umma a baya da mahauci, muka haura Alƙali, yumɓu ya fito yatsa uku. Ya ce, "Wannan za ta kai Auta duk inda take so." Ranar nan dariya yake, baki har kunne.

Sai ni kuma na waye. Akwai samarin da suke taruwa da yammacin Lahadi a wajen Ƙofar Ɗan Agundi, kowa da motarsa an sauke ta har tana shinshinar kwalta. Ni da nake da mata da ɗa, na ga abin ya burge ni. Na kai tawa wani gareji aka cire sifirin ɗinta aka sa gajeru. Ta yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Amma mota in aka sauke ta, tayoyin sukan kwanta ciki ta sama kamar ƙafar mai gwame, sai su riƙa cinyewa ta gefe ɗaya. Cikin wata biyu tayoyin baya suka nuna waya. Aka ce maganin abin shi ne kamba, wani ƙarfe mai noti da ake ɗaurawa a maimakon na asali, a juya shi ya turo kan tayar waje har ta miƙe. Na sa aka kawo, aka ɗaura, aka hau da motar kan na'ura, allon kwamfuta ya nuna kore ko'ina. Abin da ba wanda ya gaya mini, ni ma ban tambaya ba, shi ne tayar da aka miƙar yanzu ta koma daidai ƙarƙashin leɓen bodi, kuma ba kowa a motar aka auna ta.

Na zo wurin Kawu, ba don in tambaye shi ba, don in nuna masa. Dattawan suna tabarmarsu, wani abokina yana gefena. Kawu ya zagaya motar sau ɗaya. Ya durƙusa a tayar baya ta hagu, ya nemi ya zura yatsa tsakaninta da bodi, yatsan bai shiga ba.

Ya ce, "Wa take ɗauka?"

Na ce, "Ni take ɗauka, Kawu."

"Kai kaɗai ka zo duniya?"

Abokina ya yi dariya, dattawan ma suka murmusa, ni kuwa na ji kunnena ya yi zafi. Kawu ya buɗe gwangwaninsa ya fara mulmula yumɓu. "Ba komai, Injiniya. Ƙarfen nan ba laifinsa ba ne, ya miƙar da taya kamar yadda aka ce masa. Sarari ne babu. Bari mu kai ta gaban Alƙali, in ta ba ni yatsa biyu ni da kaina zan yi maka tafi."

Na ce, "Kawu, kwamfuta ce ta auna motar nan. Zamanin cusa wa mota laka ya wuce. Abin da ba ku sani ba ku bar mana shi."

Abokina ya daina dariya. Tela ya ɗauke kai yana kallon bango. Kawu ya dube ni, ba da fushi ba, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Ya mayar da curin cikin gwangwani, ya rufa masa tsumma, ya goge hannunsa a hankali yatsa bayan yatsa.

Ya ce, "Ina sifirin ɗinta na asali?"

"Na bar wa 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe."

"To, Injiniya. Allah ya tsare."

Wata takwas muka yi a haka. Ina gaishe shi, yana amsawa, amma iyakarta ke nan. Duk ranar da na zo gaida Umma, sai in haura Alƙali a gabansa ni kaɗai a mota, a hankali, ba ta taɓa ko'ina ba, in ji daɗi a raina kamar na ci shari'a. Ta madubi ina ganinsa ya karkata kunne. Sau da yawa na yi niyyar in tsaya in durƙusa in ce na yi kuskure. Sai in ce bari sai ranar da ba mutane. Garejin Kawu kuwa ba ranar da ba mutane. Girman kai ne kawai, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Ranar Asabar ɗin da abin ya faru ina ɗakin Umma. Kawu ya dawo daga sallar la'asar, ya kai tsakiyar soro, ƙafarsa ta dama ta ƙi ɗaukarsa ya zube. Motata ce kaɗai a cikin lungu. Mahauci ya sungume shi, duk da tsufansa, ya shiga baya da shi a jikinsa. Umma ta shiga ta hagu ta riƙe hannun yayanta, tela ya zauna a gaba. Wannan ne karo na farko da motar ta ɗauki mutum biyar tun da na sauke ta.

Muna hawa Alƙali bayanta ya durƙusa, na ji wata ƙara kamar ana yaga buhu. Na taka mai muka sauka, amma ƙarar ba ta tsaya ba, duk juyin taya sai ta yi, ga warin roba ya cika motar. Kawu, da idonsa a rufe, bakinsa ya ɗan karkace, ya ce, "Ta baya, hagu. Leɓen ya kama taya. Da wannan nauyin ba za ta kai mu ba."

Tela ya sauka. Na ja, ƙarar tana nan. Mahauci ba shi da halin sauka, shi ne yake tallafe da Kawu, kuma shi kaɗai zai iya ɗaukarsa in mun isa. Mutumin da rabin jikinsa ya saki kuma ba a naɗe shi a adaidaita sahu. Ba wanda ya ce wa Umma ta sauka. Ita da kanta ta zare hannunta daga nasa, ta buɗe ƙofa.

Ta ce, "Ku tafi. Yaya, ga ni nan bayanku."

Ya ce, "To, Auta."

Ƙarar ta ragu. Na hango ta a madubi tsaye a bakin titi tana ɗaga wa adaidaita hannu, mayafinta ya zame ba ta ma sani ba. Na ce, "Kawu, don Allah ka yafe mini." Na zaci bai ji ba. Can ya ce, "Dubi gabanka. Ramin nan, hau shi a karkace." Na hau shi a karkace. Wannan ce maganar ƙarshe da Kawu ya yi a duniya.

Kafin Umma ta samu abin hawa ta iso asibiti, harshensa ya riga ya yi nauyi. Kwana uku tana zaune a gefen gadonsa tana yi masa hira, shi kuwa sai ido. Likita ya ce ko da jirgi aka kawo shi abin da zai faru ke nan, na kuma yarda kwana ne ya ƙare. Amma wannan ɗan lokacin da ya rage masa yana magana, na Umma ne, ni na hana ta shi saboda motata ta yi kyau a idon samari. Ba ta taɓa ce mini komai a kai ba, ko da wasa. Shirun nata ya fi mini duka ciwo.

Ranar addu'ar bakwai, bayan an watse, wani magidanci ya matso kusa da ni. Shi ne makaniken nan na Ƙofar Ruwa. Ya ba ni labarin yumɓun da Kawu ya kai masa shekarun baya, sannan ya ce, "Kai ne ɗan ƙanwar tasa? To ka ɗaura su kuwa?"

Na ce, "In ɗaura me?"

"Sifirin ɗinka mana. Ai sati uku Baba ya yi yana zuwa kasuwa. Duk tarin ƙarfen da 'yan gwangwan suka sauke sai ya tona shi, yana neman mai ɗigo uku. Na ce masa Baba ga irinsu nan birjik, ɗauki wasu. Ya ce a'a, waɗancan ya sani. Uku ya samu a wuri ɗaya, na huɗun sai da muka bi shi har shagon wani can ƙarshen layi."

Na shiga gida wurin matar Kawu, Hajiya, ban iya ma yi mata bayani sosai ba. Ta kwance mabuɗi daga bakin zanenta ta miƙo mini. Ta ce, "Ya hana ni gaya maka. Ya ce a bar ka, za ka zo da ƙafarka. Kullum ya ji shigowar motarka in dare ya yi sai ya ce mini, yau ma Injiniya bai tsaya ba."

A ƙasan akwatin ƙarfen na same su, su huɗu, an wanke an shafe su da giris, an naɗe a buhun siminti. Kowanne da ɗigonsa uku. A jikin buhun ya yi rubutu da ajami, da fentin nan nasa: na ɗan Auta, in ya zo. Na zauna a kan kwalinsa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Ban ji kalmar daga bakinsa ba, ba kuma zan ji ta ba. Amma na san Kawu. Ba zai yi sati uku yana tonon tsatsa da hannunsa saboda mutumin da ya riƙe a zuciya ba.

Makaniken Ƙofar Ruwa ne ya zo ya ɗaura su, a ƙarƙashin darbejiyar, da jak ɗin Kawu. Ya cire gajerun, ya cire kamba, ya buga leɓen bodin ya koma daidai, aka sa sabuwar taya. Da ya gama na buɗe gwangwanin madara. Curin ƙarshe da ya mulmula yana ciki, ya bushe, da shatin babban yatsan Kawu a jikinsa. Na daɗe ina kallonsa kafin in iya zuba masa ruwa.

Ba wanda ya kira dattawan. Suna ganin an manna yumɓu suka miƙe da kansu, suka shiga baya, kowa a wurin da ya saba. Na tayar da mota. Mahauci ya ce, "Dakata, ɗana. Nauyi bai cika ba." Muka dubi kujerar gaba gaba ɗayanmu. Ladan ya fara share hawaye da gefen rawaninsa.

Ashe Umma tana tsaye a bakin lungu tun ɗazu. Ta tako a hankali, ta buɗe ƙofar gaba, ta zauna, ta gyara mayafi. Ta ce, "Ja mu je."

Muka haura Alƙali muka dawo. Ba ƙara, ba wari. Makaniken ya ɓamɓaro yumɓun, ya ɗora yatsunsa a kai, ya ɗaga mana uku. Dattawan suka sauka suna gyara hula. Na zagayo na buɗe wa Umma ƙofa.

Ta ce, "Rufe. Rannan na sauka, yau ba zan sauka ba. Kai ni har ƙofar asibitin, ta hanyar da kuka bi."

Muka hau titi. Rana tana dukan gilas, 'yan adaidaita suna ta kutsawa kamar kullum. Da muka yi nisa ta ce, "A ina ya yi maganarsa ta ƙarshe?"

Na nuna mata ramin, yana nan ba wanda ya cike shi. "A nan ne, Umma."

"Me ya ce?"

"Na roƙe shi gafara. Ya ce in dubi gabana, in hau ramin a karkace."

Ta yi wata 'yar dariya, hawaye yana bin kumatunta. "Yaya ke nan. Ai ya amsa maka, kai ne ba ka san yarensa ba. Ni shekara sittin bai taɓa ce mini ya haƙura ba, sai dai ya ce, Auta, kin ci abinci?" Ta ɗaga tafukanta. "Allah ya jiƙanka Yaya, ya yalwata maka makwanci, ya sa ka huta."

Na ce amin. Na rage gudu, na karya sitiyari, na hau ramin a karkace, Umma tana zaune a gefena.